Yinin Kamun Tirawut da Ƙwaron Fatsa a Ƙarshen Bazara: Daga Asuba zuwa Magariba

Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Ba za ka same shi a Kwara ko a Tafkin Chadi ba. A Afirka ma sai a ƙoramun tsaunuka masu sanyi, irin na Kenya da Lesotho da Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai irinsa. Wannan jagora ta shafi kogunan jihar Montana ta Amurka, irin su Madison da Yellowstone da Big Hole da Missouri, daga watan Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Tun 1974 jihar ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, saboda binciken da aka yi a Madison ya nuna kifin kiwo yana rage yawan na daji. Don haka kifin da za ka tarar a kogi ya tashi, ya san abincinsa, kuma a wannan lokaci na shekara ya riga ya sha ganin masunta.

A fatsar da aka saba, nauyin dalma ko na tana ne ke jan zare zuwa ruwa. A salon fatsa da ƙwaro kuwa abin da ke bakin zare ƙwaro ne na yaudara, wanda aka ɗaure da gashin tsuntsu da gashin dabba ko soson roba a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin kirki. Igiya mai kauri ce ake jefawa, ita kuma ta ɗauki ƙwaron.

Ma'aunin zafi kafin komai

A ƙarshen bazara ƙanƙarar duwatsu ta gama narkewa, manoma na jan ruwa don ban ruwan ciyawa, kogi ya ja baya, ya yi garau, ya ɗumama. Tirawut ya fi walwala da cin abinci idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 17 a ma'aunin Salshiyas. Daga 20 zuwa sama yana cikin wahala. Ruwa mai digiri 10 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 11 a kowace lita, mai digiri 20 kuwa kusan 9, wannan ma a daidai da teku. Garin Ennis da ke bakin Madison yana kan tudu na kusan mita 1,500, abin da ruwa ke riƙewa a can bai kai haka ba. Ga shi jikin kifi yana ƙara buƙatar iska idan ruwa ya yi ɗumi. Kifin da aka yi kokawa da shi cikin irin wannan ruwa yakan tafi kamar lafiya ƙalau idan an sake shi, ya je ya mutu bayan sa'o'i.

Hukumar kula da kifi da namun daji ta Montana tana da ƙa'ida kan wannan: idan zafin ruwa ya kai digiri 73 na Faranhait, wato kusan 23 na Salshiyas, kwana 3 a jere, takan hana kamun kifi a wannan yanki daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Ka duba sanarwar hukumar da daddare kafin fita, domin jerin kogunan yana canzawa. Amma kada ka jira doka ta tsayar da kai. Mai kishin kogi yana naɗe igiyarsa da zarar ma'auninsa ya nuna 20.

Ka tsoma ma'aunin cikin ruwa mai gudu, a inuwa, zurfin kamar santimita 30, ka bar shi minti 1 cur. Ruwan gefe da ke kwance cikin rana ƙarya zai yi maka. Ka maimaita kowace awa. Ruwa ya fi sanyi da wayewar gari, ya fi zafi tsakanin ƙarfe 4 da 6 na yamma, kuma a kan wannan za ka gina yininka gaba ɗaya.

Kaya da haɗa su

Sanda mai tsawon ƙafa 9, wato mita 2.7, mai lamba 5 (lambar nauyin igiyar da take jefawa), ta ishe ka. Igiya ta zama mai lamba daidai da ta sandar, irin mai yawo a saman ruwa wadda nauyinta ke gaba, a naɗe kan kwarkwaro. A bakin igiya ake haɗa zaren gaba, farin zare mai kauri a gindi da ke sirancewa zuwa baki, ƙafa 9 zuwa 12. A ƙarshensa kuma ake ƙulla wutsiya, guntun zare na santimita 50 zuwa 70 wanda ƙwaro ke ɗaure a jikinsa.

Kaurin wutsiya da lambar X ake auna shi, kuma lamba na hawa zare na sirancewa: 3X kusan milimita 0.20 ne, 4X 0.18, 5X 0.15, 6X 0.13. Ƙugiya ma haka take, lamba 8 babba ce, lamba 22 kuwa ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Lissafi mai sauƙi: ka raba lambar ƙugiya gida 3, abin da ya fito shi ne X. Ƙugiya 12 ta dace da 4X, ƙugiya 18 da 6X. Babbar fara a kan 6X za ta riƙa juyawa cikin iska ta murɗe zaren, ƙaramin ƙwaro a kan 3X kuma zai sanƙare, ba zai bi ruwa yadda ya kamata ba.

Wajen ɗaure ƙwaro, ka zura zare ta idon ƙugiya, ka naɗa bakinsa sau 5 ko 6 a jikin zaren, ka mayar da shi ta ƴar kafar da ke kusa da ido, sannan ta babbar kafar da ta samu, ka ja. Wajen haɗa wutsiya da zaren gaba, ka jera bakunan biyu su haɗu na tsawon santimita 15, ka yi zobe da su tare, ka zura sau 2 ko 3, ka ja dukkan bakuna huɗun a lokaci guda. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka tsuke, domin gogayya a bushe tana ƙona zaren. In kifi ya tsinke ka ga bakin zare ya nannaɗe, ƙullinka ne ya warware, ba ƙarfin kifi ba ne.

Akwatin ƙwari ba sai ya cika ba. Fara lamba 8 zuwa 12, tururuwa baƙa da ja 14 zuwa 18, buzuzu 14, da ƙwarin yaudara masu yawo a saman ruwa da aka sani da sunayensu na Turanci, Parachute Adams 14 zuwa 18, Elk Hair Caddis 14 da 16, Trico 20 da 22, sai Pheasant Tail mai ɗan dutsen ƙarfe a ka 16 da 18, wadda ke kwaikwayon tsutsar ƙwaro a ƙarƙashin ruwa. Ka danne kunnen kowace ƙugiya da filaya tun a gida. A gandun dajin Yellowstone wannan doka ce, can kuma an hana dalma da takalmi mai tafin tsumma, kuma izininsu daban yake da lasisin jiha. Sauran kaya: koma mai ragar roba, man shafa wa ƙwaro don kada ya nutse, abin yanke farce ko almakashi, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, hula, ruwan sha lita 2, da feshin korar beyar in za ka shiga kurmin bakin kogi. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko ganye.

Asuba zuwa fitowar rana

Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:30, ka kasance a bakin ruwa kafin nan. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar bin kogi har iyakar inda ruwa ke kaiwa lokacin cikarsa, ko da gonar wani ce a gefe, amma shiga sai ta gada ko mashigar jama'a. Tsallaka shingen mutum laifi ne.

Kada ka faɗa ruwa da zuwanka. Ka tsaya baya da gaɓa minti 5 kana kallo. Manyan kifaye sukan kwana suna farauta a ruwa marar zurfi, wanda bai wuce ƙwauri ba, mai gaggawa kuma su yake fara takawa. Tirawut kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, don haka ta bayansa za ka zo, kana haurawa. Ka taka a hankali yadda ba za ka tura zoben ruwa gabanka ba, ka lura inuwarka da ta sanda kada su faɗa kan wurin da kake nufi. In ruwan kwance ne, ka durƙusa. Kifi yana ganin waje ta wata taga mai da'ira a saman kansa, abin da ya yi ƙasa kusa da fuskar ruwa ba ya fitowa sosai a cikinta.

Wuraren da za ka nema a wannan wata: ruwa mai tsalle kan tsakuwa, zurfin gwiwa zuwa cinya, domin nan iska ta fi yawa, layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai laushi, gaba da bayan manyan duwatsu, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da duk inda kumfa ta ja layi, domin hanyar da kumfa ke bi ita abinci ke bi. Gurbi mai zurfi da ruwansa ke kwance yana jan ido, amma kifin cikinsa yana da lokacin duba ƙwaronka, ya fi wuyar yaudara.

In ba ka ga kifi na tasowa ba, ka fara da Parachute Adams lamba 14, ka rataya Pheasant Tail a ƙasanta. Ka fara da ruwan da ke kusa da kai, sannan ka ƙara nisa.

Jifa, da abin da ya fi jifa

Yawancin kifin da za ka kama yana tsakanin mita 6 zuwa 10 daga inda kake. Ka warware igiya daidai wannan, ka sa bakin sanda ƙasa kusa da ruwa, ka ɗaga a hankali kana ƙara sauri, ka tsaya cak idan sanda ta ɗan wuce kunnenka. Ka dakata igiya ta miƙe a bayanka. Sannan ka kawo gaba, ka sake tsayawa cak a daidai tsayin ido, kamar mai yarfe ruwa daga tsintsiya. Tsayawar ce ke aika igiya, ba ƙarfin damtse ba. In ka ji ƙara a baya, ka yi gaggawar dawowa, kuma ƙila ƙwaron ya tsinke. In igiya ta zube a gabanka tuli guda, wuyan hannunka ne ya lanƙwashe sanda ta yi baya da yawa. In ka ga ƙulle-ƙulle a zaren gaba, ka tura da ƙarfi tun farkon jifa ne. Ka yanke wurin ka sake ɗauri, domin irin wannan ƙulli yana rage ƙarfin zare ƙwarai.

Abin da ya fi raba mai kama kifi da mai wanke igiya shi ne yadda ƙwaro ke tafiya bayan ya sauka. Ƙwaron gaske ba ya ɗaure da komai, gudunsa gudun ruwan da yake kai ne. Naka kuwa yana haɗe da igiya da ta ratsa ruwa iri-iri, wani mai sauri wani mai nauyi. Ruwa mai sauri zai yi ciki da igiyar, ya ja ƙwaron ya riƙa tsaga ruwa. Ko jan bai kai yadda idonka zai gani ba, kifi ya gani.

Maganinsa uku ne. Na farko wurin tsayuwa: taku 3 zuwa gefe yakan sa igiya da ƙwaro su kwanta kan ruwa mai gudu ɗaya. Na biyu, da igiya ta sauka ka ɗaga sanda ka juya cikin igiyar zuwa sama da bakin sanda, ba tare da ka motsa ƙwaron ba, kuma ka yi haka tun kafin jan ya fara. Na uku, a ruwa mai duwatsu ka matso kusa, ka ɗaga hannu, ka bar zaren gaba kaɗai a kan ruwa. Ka gwada kanka da ƙwayar kumfa da ke kusa da ƙwaron: in suna tafiya tare, ka yi daidai.

Hantsi: lokacin Trico

Daga Yuli zuwa Satumba, a wurare irin su Missouri ƙasa da madatsar Holter, wani ƙanƙanin baƙin ƙwaro mai farin fiffike yana taruwa gungu-gungu a saman ruwa da safe. Idan iska ta ɗumama zuwa kusan digiri 20, galibi tsakanin ƙarfe 8 da 11, sai su gama barbara, matan su zuba ƙwai, dukansu su faɗo ruwa matattu, fikafikai a baje. Kifaye sukan jeru rukuni-rukuni suna tsotsa, hanci kawai kake gani.

Nan ne aka fi cin wuya. Ka tsawaita zaren gaba zuwa ƙafa 12, wutsiya 5X ko 6X. Tunda abinci ya yi yawa, kifi ba zai kauce ko da faɗin tafin hannu ba don ƙwaronka, sai ka kai masa bakinsa. Kada ka jefa tsakiyar rukuni, ka zaɓi kifi ɗaya na gefe ko na baya, ka ƙidaya tazarar tasowarsa, ka sauke ƙwaro kamar mita 1 sama da shi yadda zai iso lokacin da zai buɗe baki. A ruwa mai santsi ya fi kyau ka tsaya sama da kifin a karkace, ƙwaro ya riga zare isa gare shi. Da yake lamba 22 ba ta ganuwa, ka ɗaura ta santimita 40 bayan wani ƙwaro mai farin tuta lamba 16. Duk tasowar da ka gani kusa da farin, ka ɗaga sanda a hankali. Fizga a kan 6X tsinkewa ce.

Walha zuwa azahar: fara

Idan raɓa ta bushe, ƙasa ta yi zafi, fara takan tashi daga ciyawar bakin kogi, iska kuma ta jefa ta ruwa. Wannan shi ne abin da ake jira duk shekara, domin babban kifin da ba ya kula ƙananan ƙwari yana tasowa fara. Matsalar ita ce lokacin fara shi ne lokacin da ruwa ke hawan zafi, don haka damar takan kasance daga ƙarfe 11 zuwa 1. Ka auna ruwa kafin ka canza ɗauri.

Ka gajarta zaren gaba zuwa ƙafa 7 da rabi ko 9, wutsiya 3X ko 4X. Ka nemi gaɓa mai ciyawa, musamman gefen gonar harawa, wadda iska ke busowa daga kanta zuwa ruwa. Ka jefa santimita 30 daga gaɓa ko ƙasa da haka. Mita 1 ya yi nisa ga kifin da ke ɓoye ƙarƙashin rami. A nan ba a son saukar laushi, fara ta faɗa da ƴar ƙara. Ka bar ta ta bi ruwa, in ba a taɓa ba ka ɗan girgiza bakin sanda sau ɗaya, ƙafafun roba su motsa. Jifa 2 ko 3 a wuri, ka yi gaba.

Don ƙara dama, ka ƙulla wutsiya 4X ko 5X mai tsawon santimita 45 zuwa 60 a lanƙwasar ƙugiyar fara, ka ɗaura Pheasant Tail a ƙarshenta. In fara ta nutse ko ta tsaya, kifi ya kama ƙwaron da ke ƙasa. Da ƙwari biyu sai ka sassauta jifa, ka buɗe zoben igiya, in ba haka ba su sarƙe.

Kuskuren da ya fi yawa a kan fara shi ne saurin ɗagawa. Kana ganin kifi ya taso hannunka zai so fizga, ka zare masa daga baki. Ka jira ya rufe baki ya juya kansa ƙasa. Tirawut mai jan zane a maƙogwaro, ɗan asalin kogin Yellowstone, ya fi kowa jinkirin tasowa.

In kifi ya taso ya duba ya koma, kada ka fara da canza ƙwaro. Ka fara zargin jan igiya. In ka tabbata babu, ka sirantar da wutsiya mataki ɗaya. In bai yi ba, ka rage girma. A ƙarshen Agusta kifin Madison ya ga farar roba dubbai, sau da yawa tururuwa lamba 16 da aka rataya bayan farar ita ke kamawa. Ranar da tururuwa mai fiffike ta faɗo ruwa, galibi bayan yayyafi, ka ajiye komai ka ɗaura ta.

Kokawa da saki

A ruwan ɗumi gajeriyar kokawa ce ke ceton kifi. Ka yi amfani da wutsiya mafi kauri da kifi zai yarda da ita. Ka karkata sanda gefe kusa da ruwa, ka ja kansa zuwa ruwa mai laushi. Ja ta gefe ya fi gajiyar da shi da wuri fiye da ɗaga sanda sama. In ya ruga ka bar kwarkwaro ya saki, in ya yi tsalle ka sunkuyar da sanda. Kifi mai santimita 40 bai kamata ya wuce minti 2 ko 3 ba.

Ka jawo kansa cikin koma, komar ta zauna cikin ruwa. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Kada ka matse cikinsa, kada yatsa ya shiga wurin numfashinsa da ke gefen kai. Ƙugiya marar kunne tana fita da juyi ɗaya. In ya haɗiye ta can ciki, ka yanke zare ka bar ta, tono ya fi kashe shi. In hoto kake so, ka shirya kyamara tukuna, ɗagawa kada ta wuce daƙiƙa 10. Ka riƙe shi kansa na fuskantar ruwa mai ɗan gudu har ya ƙwace da kansa.

La'asar da magariba

Ma'auni ya nuna 20, ka fita. Ko ka huta a inuwa, ko ka haura ƙoramun dutse inda ruwa bai wuce 15 ba, ko ka koma ƙasan madatsar da ke sako ruwan sanyi daga zurfi. In ka ga kifaye sun yi cincirindo a bakin ƴar ƙorama ko idon ruwa mai sanyi, mafaka suka samu, ka ƙyale su. Da yamma hadari yakan taso daga duwatsu farat ɗaya, sandar kuma da sinadarin da ke ɗaukar lantarki aka yi ta. Ka ji tsawa, ka kwantar da ita, ka bar ruwa, ka koma mota.

Sanyin iskar magariba yana ruɗin mutane. Ruwa ba ya hucewa da saurin iska, a rana mai zafi yakan kai dare bai sauko ba. Ka sake aunawa. In yana ƙasa da 19 kuma babu dokar hani a yankin, awar ƙarshe kafin duhu tana da kyau: ka ɗaura Elk Hair Caddis lamba 16 a ƙarshen ruwa mai tsalle, a nan ma an yarda ƙwaro ya ɗan ja a ƙarshen tafiyarsa, domin na gasken haka yake gudu a saman ruwa.

Kafin ka kai kayanka wani kogi, ka kankare laka da gansakuka daga takalmi da koma, ka tsiyaye ruwansu, ka shanya su bushe sarai. A 1994 an gano cutar da ke sa ƴaƴan kifi juyawa a Madison, ta rage tirawut mai launin bakan gizo da kusan kashi 90 cikin 100 a wasu sassan kogin. A Agustan 2016 kuma an rufe mil 183 na kogin Yellowstone saboda wata ƙwayar cutar ƙoda da ta kashe dubban kifaye. Irin waɗannan ƙwayoyi suna iya bin jiƙaƙƙen takalmi daga kogi zuwa kogi, kuma tafin tsumma ya fi kowane daɗewa bai bushe ba.